Sana'ar da Ba Ta Barin Mai Ita Ya Huta

  Sharhinmu na yau ya shafi masu sana'ar kansu a Filinge da sauran garuruwan ƙasar Kurfai, da irin gajiyar nan da ke cin mutum a tsaye, wadda barcin dare ɗaya ba ya maganinta.

Filinge tana da tazarar kimanin kilomita 180 daga Yamai, a bakin kwarin Dallol Boso, cikin jihar Tillaberi. Masu albashi a nan ƙalilan ne: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro da ƴan ofis. Sauran jama'a kowa da abin da ya kama. Ga mai kanti, ga mai tebur, ga mai shayi, tela, mahauci, bakanike, dillalin dabbobi, mai cajin waya, mai tuyar ƙosai, mai cuku, da direban da ke jigila tsakanin Filinge da Baleyara da Yamai. Abu ɗaya ya haɗa su duka: babu ubangida a kansu. Wannan gata ne, babu musu. Sai dai wanda ba shi da ubangida ba shi da mai ce masa lokacin tashi ya yi. Ma'aikaci yana da ƙarshen mako, yana da hutun shekara, in ciwo ya kayar da shi albashinsa na tafiya. Mai sana'a kuwa, ranar da bai fita ba ranar ce kuɗin cefane ke yankewa.

Mu leƙa kantin unguwa, irin wanda kowa ya sani. Ana sallame sallar asuba mai shi ya cire kwaɗo, domin yara na tsaye da aiken sukari da madara da ganyen shayi. Hantsi na yi sai ya zauna ƙulla mai da sukari a leda, na dala 5, na dala 10. Rana ta take, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, kwanon rufi ya ɗau wuta, shi kuwa yana ciki tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen taliya. A nan ake kawo masa abinci, yana loma yana ba da canji. Azahar da la'asar a bakin ƙofa yake yin su, yana shafa addu'a ya koma bayan tebur. Da dare in an ɗauke wuta ya kunna fitila ya ci gaba har ƙarfe 11, ko mai neman batir ko maganin sauro ya biyo. In ya rufe, sai lissafi. Ya zazzage gwangwanin kuɗi ya ƙirga, ya buɗe littafin bashi ya ga sunayen da suka yi wata da watanni ba su motsa ba. Ya shiga gida ya tarar yara sun yi barci. Ya kwanta jiki ya mutu murus, amma kai yana kasuwa: farashin mai zai tashi ko zai sauka, motar kaya za ta iso ko ba za ta iso ba, me zai ce wa babban ɗan kasuwar Yamai da ke binsa.

Mu yi masa lissafi. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 11 na dare awa 17 ke nan. A kwana 7, awa 119. Dokar ƙwadago ta Nijar ta ƙayyade wa ma'aikaci awa 40 a mako. Ashe mai kantin nan aikin mutum uku yake yi, ba Juma'a ba Lahadi, shekara ta zo ta wuce.

Masana lafiya sun daɗe suna bin diddigin abin da irin wannan aiki ke yi wa ɗan Adam. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gajiya a cikin kundinta, ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki na tsawon lokaci wanda ba a shawo kansa ba. Alamu uku ta lissafa. Na farko, ƙarfi ya ƙare, mutum ya tashi da safe kamar bai kwanta ba. Na biyu, aikin ya fita ransa, ya riƙa jin haushinsa da na mutanen da ke cikinsa. Na uku, ƙwazonsa ya ragu, abin da ya saba yi cikin sauƙi ya koma gagararsa. Sannan a shekarar 2021 wannan hukuma tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike mai tayar da hankali. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da doguwar awar aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma ya ɗara da kashi 17. Awa 55 suke magana. Namu mai kantin ya ninka haka har da ɗoriya.

Mai sauraro, ba sai ka je asibiti za ka ga waɗannan alamu ba. Ka san ɗan kasuwar da a da fara'arsa ke jawo ciniki, yanzu kuwa in ka taya kaya sai ya ce ajiye in ba ka saye. Ka san telar da ya riƙa rikita awon mutane, ya ɗinka wa wannan rigar wancan. Ka san matar da ke ba da canji fiye da ƙima ba ta sani ba, ta koma gida ta sauke fushi kan yara. Mu kan ce halinsa ya sake, ko an yi masa baki, ko kuɗi sun sa shi girman kai. Sau da yawa kuwa mutum ne da aka tatse shi ƙarƙaf.

Me ya sa kayan ya fi nauyi a ƙasar Kurfai? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, ɗan kasuwarmu manomi ne. Daminarmu gajera ce, wata uku ne in an yi sa'a, kuma ba ta jiran kowa. Ruwan shuka na sauka dole a bar komai a nufi gona. Daga shuka sai noman fari, sai maimai, sai girbin hatsi da roron wake. A wannan lokaci mai kanti gona da safe, kanti da yamma, kuma daidai lokacin ne rumbuna suka yi ƙasa, masu neman bashi suka fi yawa.

Na biyu, cinikinmu na yawo ne. Garuruwanmu na nesa da juna, kowace kasuwa da ranarta. Wanda ke son ya juya jari sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Filinge, Bonkuku, Abala, Sanam, ga kuma kasuwar Lahadi ta Baleyara da ta yi suna wajen dabbobi. Mako ya ƙare masa a bayan mota, a kan kaya, cikin ƙura. Ga matsalar tsaro da ta addabi arewacin Tillaberi shekara da shekaru. A farkon 2020 aka kafa dokar hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jihar, abin da ya taɓa ɗan kabu-kabu da bakanike da mai sayar da mai a kwalba da ƙaramin ɗan kasuwar da babur ne ƙafarsa. Mai fita kasuwar ƙauye yana tafe da fargaba, iyalinsa na zaune da fargaba har ya dawo. Tsoro ma aiki ne, yana cin jiki ko mutum bai ɗaga komai ba.

Na uku, farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyakokin Najeriya da Benin suka rufe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma hanyar Kwatano ba ta koma yadda take ba, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ne a tsakiya. Na sama ya ƙara masa kuɗi, na ƙasa ya ce ya cika son riba. Ya sayar da buhu yau, gobe kuɗin ba su isa ya mai da irinsa ba.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne bashi da zumunci. A gari irin namu kowa ɗan uwan kowa ne. Tsohuwa ta zo ta ce, "Ɗana, auna mini tiya biyu, sai kaka." Ƙanin mahaifi ya aiko a ba shi jika 10, suna ya taso. Aboki ya ce, "Alhaji, rubuta, ɗana na Abijan zai turo ƙarshen wata." Kurfayawa mutanen tafiya ne tun zamanin da ake zuwa Kumasi da Akra cin rani, har yau kuma samari na Abijan da Lome da Kwatano da Legas. Gidaje da yawa na jiran aike, kafin aike ya iso kuwa mai kanti ne ke riƙe da su. Shi ne bankin unguwa, shi ne asusun agaji, ba tare da kowa ya tambaye shi ko zai iya ba. Wayar hannu kuma ta ƙara tsawaita ranar: ana iya kiransa tsakar dare a ce an turo kuɗi, ko a turo.

Mata kuwa nasu ya ninka. Ɗauki mai yin cuku. Tashar kiwo ta Tukunus, wadda ke arewa da Filinge da kimanin kilomita 20, tun 1954 take renon shanun Azawak, kuma madara da cukun wannan yanki sun yi suna har Yamai. Matar da ke wannan sana'a tun da duhu take tashi neman madara kafin zafi ya ɓata ta. Ta sa mata abin daskarewa, ta tsane ruwan, ta baje a kan ƴar tabarmar kara, ta shanya, ta riƙa juyawa tana korar ƙuda da kaji. A tsakanin haka ga ɗebo ruwa, ga daka, ga girki, ga goyo a baya, ga surukuwa da ke jiran fura. In maigida ya tafi cin rani, har gonar ma a wuyanta take. In ta zauna da la'asar tana gyara cukun da za a kai tasha, sai a ce ai ta huta. Hutun jaki ke nan da kaya a ka. Kuma abin da ta samu da yamma ya tafi cefane, gobe ta sake farawa daga tushe.

Mutanen wannan ƙasa sun san dabba. Duk mai tatsa ya san ba a ƙwaƙule nonon saniya tas, sai an bar wa maraƙi rabonsa, in ba haka ba baɗi babu garke babu nono. Abin mamaki, wannan hikima da muke yi wa saniya ba mu yi wa kanmu. Muna tatsar jikinmu har ɗigon ƙarshe, sannan mu yi mamakin yadda mutum mai shekara 45 ya faɗi a bakin kantinsa, ɓari guda ya shanye.

In jiki ya ce ya gaji, maimakon a saurare shi sai a toshe masa baki. Shayi mai kauri daga na farko har na uku, sau biyu sau uku a yini. Ƙwayoyin ciwon jiki daga tiren mai talla, ba awo ba ƙa'ida. Mafi muni shi ne tramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, amma ya zama abokin aikin wasu direbobi da ƴan dako da matasa masu aikin ƙarfi a Afirka ta Yamma. Ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Ɓoye gajiya yake yi, ita kuwa tana nan tana taruwa. Kullum sai an ƙara yawansa kafin a ji abin da aka saba ji, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari. Direban da ya haɗiye shi ya kama hanyar Yamai bai yi barci ba, ransa da na fasinjojinsa ya sa a caca.

Na san abin da wani ke faɗa yanzu a gaban rediyonsa. Yana cewa, "Malam, talaka da hutu? In na rufe, wa zai ciyar mini da iyali? In na rufe, maƙwabcina ya kwashe mini masu saye." Magana ce ta gaskiya, ba a raina ta. Wanda ke da baki goma a gida ba a yi masa wa'azin kwanciya. Amma a juya tambayar. In ka ƙi rufewa yini ɗaya da kanka, ciwo ya rufe maka wata uku, wa zai ciyar da su a lokacin? Kantuna nawa muka sani da suka mutu tare da lafiyar masu su, jari ya tafi kuɗin magani, masu bashi suka yi shiru, marayu suka tashi babu komai?

Wani kuma yana ganin hutu lalaci ne, ko ƙarancin godiya ga Allah. Addini bai ce haka ba. Malamai na ba mu labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu a Madina. Salmanu ya kai ziyara ya tarar ɗan uwansa ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare. Da dare ya hana shi tashi sai a ƙarshen dare, sannan ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne na da haƙƙi a kansa. Da maganar ta je ga Manzon Allah sai ya gaskata Salmanu. To in nafila ma an yi mata iyaka saboda haƙƙin jiki da na iyali, ina ga neman dala? Alƙur'ani ya nuna mana an yi dare don natsuwa, rana don nema, ya kuma umurci a bar ciniki in an kira sallar Juma'a. Wanda ya yarda arziki na Allah ne, ya kamata ya iya sa kwaɗo ya tafi gida da kwanciyar rai.

Kakanninmu fatake ma ba su yi kasuwanci da ka ba. Ayarin da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja da Salaga neman goro tafiyar watanni yake yi. Akwai madugu, akwai jagaba, kowa da aikinsa. Ana tafiya ana yada zango, a sauke wa jakuna kaya, a yi kiwo, a kwana, domin sun san ayarin da bai yada zango ba ba ya kai gida. Hutu a cikin tsarin tafiyar yake tun kafin a ɗaura kaya.

Nan ne nake so mu tsaya. Hutun mai sana'a ba ya samuwa da fatar baki. Gina shi ake yi a cikin sana'ar. Ma'aunin kuwa ɗaya ne: shin sana'arka za ta iya yini guda ba ka nan, ba ta rushe ba? In amsar a'a ce, to ga inda za a fara gyara.

A raba aljihun gida da na sana'a. Mafi yawan zullumin ɗan kasuwa daga rashin sanin inda yake ne. Cefane daga gwangwani, gudunmawar biki daga gwangwani, kuɗin makaranta daga gwangwani, har ya rasa gane riba yake ci ko uwar kuɗi. Ka yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kullum ko kowane mako, kamar albashi. Ka ware na zumunci daban, gwargwadon ƙarfinka. In ya ƙare, ka iya cewa, "Kawu, na wannan wata ya ƙare, a yi haƙuri sai mai kamawa," ba tare da ka yi ƙarya ba, ba kuma tare da ka taɓa jari ba.

A rubuta bashi, a yi masa iyaka. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. Ko da boko, ko da ajami, ko ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Kowane mai karɓa a san inda nasa zai tsaya, a san ranar biya. Abin da ke kan takarda ya sauka daga kai, mai shi ya samu barci. Wanda ka san ba zai iya biya ba, in da hali ka ba shi kaɗan sadaka ka huta, ya fi ka rubuta da yawa ka shekara kana cizon yatsa.

A reni na biyu. Yawancinmu muna cewa ba amana, shi ya sa ba mu barin kowa a kanti. Gaskiya ne an ci amanar mutane da yawa. Amma sau nawa ne muka damƙa wa yaro kanti ba ƙidaya, ba farashi a rubuce, ba lada tsayayye, sannan muka ce ya ci amana? Tsohon tsarin kasuwancin Hausa na ubangida da yaronsa ne: ya koya, ya yi hidima, a ƙarshe a sallame shi da jari. Yaron da ya san akwai ranar sallama yana tsare dukiya kamar tasa. A fara da awa biyu, a ƙirga kaya kafin da bayan, a ƙara zuwa rabin yini. Uwargida ma, ko ɗiya, ko ƙane, a nuna musu littafi da masu ba da kaya. Sana'ar da sirrinta ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta ita ma ta kwanta.

A haɗa kai, domin tsoron maƙwabci ba ya magantuwa sai da maƙwabci. A Yamai shagunan magani ba duka ke kwana a buɗe ba. Juyi suke yi, ana sanar da masu gadin kowane mako, jama'a na samun magani, sauran na barci. Me zai hana masu kantunan layi ɗaya a Filinge su zauna su yi haka? Su tsai da lokacin rufewa na bai ɗaya, ɗaya ya tsaya don larurar dare, gobe wani. Teloli su yarda da ranar da za su daina karɓar ɗinkin salla, maimakon kwana goman ƙarshe na azumi su ƙare a kan keke ba barci ba ibada. Shugabannin ƴan kasuwa da na tasha, wannan aikinku ne. Direban da ya iso da dare, kada a ba shi lodin asuba.

Mata sun riga sun nuna hanya. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke haɗuwa kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a asusu, su ranta wa juna. Daga Nijar tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Amfaninsa ya wuce kuɗi. Matar da ke da asusu a bayanta, in zazzaɓi ya kama ta tana iya kwanciya kwana biyu ba ta ci jari ba. Zaman mako kuma wuri ne na faɗin damuwa ga waɗanda suka san zafinta. Maza masu sana'a na da adashi, amma yawanci na ƙarin jari ne ko na aure. A ƙara wani ɗan kaso na ranar ciwo.

Sai haƙƙin jiki kai tsaye. Masana na cewa baligi na buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare. In hakan bai samu ba, ƙailula tsakar rana sunna ce, kuma a zafin bazara ciniki ma kwanciya yake yi a wannan lokaci. A sha ruwa sosai. A ci abinci a zaune, ko sau ɗaya a yini, tare da iyali. A sa wa waya lokacin yin shiru. Hawan jini kuma ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Awonsa mintoci kaɗan ne a likitar gari ko a asibitin Filinge. Duk wanda ya haura shekara 40, ya mai da shi al'ada. Wanda kuma ya ga makonni sun wuce barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita kansa, duniya ta yi masa baƙi, kada ya rufe a ciki. Ya faɗa wa amininsa, ya ga ma'aikacin lafiya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Mu ma da ke wannan ɓangaren na tebur, masu saye da dangi, da namu laifin. Mu ne masu buga ƙofa bayan an rufe saboda ashana. Mu ne masu karɓar bashi mu canza hanya. Mu ne masu ganin duk wanda ya buɗe kanti ya zama attajiri. In ka ga kantin unguwarku a rufe ranar Juma'a da yamma, kada ka ce ya ƙoshi, ka ce madalla. In ana binka, ka kai ko rabi ne, ka faɗi ranar cikawa. Maigida, in matarka na sana'a, ɗauke mata ruwa ko itace ba ya rage maka girma. Hukumomin gari kuma su sani, rumfa mai inuwa da ruwan sha da makewayi a kasuwa lafiyar jama'a ce, kuma masu biyan kuɗin kasuwa sun cancanci ganinsu.

Mai sana'a, a cikin makon nan zaɓi abu ɗaya ka fara. Ko ka tsai da lokacin rufewa ka sanar da masu sayenka, ko ka sayi littafi ka rubuta duk wanda kake bi, ko ka kira wanda za ka koya wa aiki, ko ka je a auna jininka. Iyalinka na buƙatar abin da kake kawowa, amma sun fi buƙatar ka daɗe kana kawowa.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya lafiya.